"Sai Abin da Mutanena Suka Ce": Shari'ar Carrie Buck da Aƙidar Tace Irin Ɗan Adam

Ranar 10 ga Satumba, 1924, hukumar wani gidan gwamnati da ke kusa da garin Lynchburg, a jihar Virginia ta Amurka, ta zauna a kan maganar wata yarinya 'yar shekara 18 mai suna Carrie Buck. Gidan na killace masu farfaɗiya ne da waɗanda ake kira masu raunin hankali, mutanen yankin suna ce masa Koloni. Shugaban gidan, Dokta Albert Priddy, shi ya nemi izinin yi wa yarinyar tiyata, ya yanke hanyoyin da ƙwan mace ke bi zuwa mahaifa, yadda ba za ta ƙara ɗaukar ciki ba har ƙarshen rayuwarta. Da aka gama sauraron likita, sai lauyan gidan, Aubrey Strode, ya waiwayo ya tambaye ta ko tana da abin cewa game da aikin da za a yi mata.

Ta ce, "A'a, yallaɓai, ba ni da shi. Sai abin da mutanena suka ce."

Daga ranar nan maganar ta yi kusan shekara 3 tana tafiya, ta bi kotu uku, ta ƙare a Kotun Ƙolin Amurka, kuma ba a sake jin bakin Carrie a gaban wani alƙali ba. Tun da na fara karanta labarin wannan amsa tata ta tsaya mini a rai, domin duk wanda ya bi takardun shari'ar zai tarar cewa a ranar ba ta da mutane. Mahaifiyarta tana kulle a gidan da ita ma take. Mahaifinta ya daɗe da fita daga rayuwarta. Waɗanda suka riƙe ta su suka miƙa ta. Lauyan da za a ɗaukar mata kuwa, kamar yadda za mu gani, bakinsa ɗaya da masu neman yi mata aikin.

An haifi Carrie a garin Charlottesville a 1906. Mahaifiyarta, Emma Buck, talaka ce, ba miji a kusa, ga 'ya'ya. Tana da kimanin shekara 3 aka raba Carrie da uwarta aka damƙa ta ga wani ɗan sanda, John Dobbs, da matarsa Alice. Sun sa ta makaranta, tana wuce aji kowace shekara, har malamarta ta ƙarshe ta rubuta cewa tana da kyau ƙwarai wajen ladabi da karatu. Tana aji shida suka cire ta don ta kama aikin gida, wani lokaci ma a ara wa maƙwabta ita. Mai karatu Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan. Mun san 'yar riƙon da ake ɗauko ta da sunan taimako, a wayi gari ita ce shara, ita ce wanke-wanke, 'ya'yan gida na makaranta tana bakin murhu.

A 1920 aka kai Emma Koloni, bisa cewa tana da raunin hankali, tana kuma zaman kanta. A bazarar 1923, lokacin da Alice Dobbs ta yi tafiya, wani ɗan ɗan'uwanta ya yi wa Carrie fyaɗe. Haka Carrie ta riƙa faɗa har tsufanta, kuma ba a taɓa gurfanar da shi ba. Da ciki ya fito, sai mutanen gidan suka garzaya kotu suka ce yarinyar da suka riƙe shekara 14 tana da farfaɗiya da raunin hankali, ba za su iya da ita ba. A watan Janairun 1924 kotu ta amince a killace ta. Aka jira ta haihu ranar 28 ga Maris, ta sami 'ya mace, Vivian. Iyalin Dobbs suka karɓe jaririyar, a watan Yuni kuma aka ɗauki uwar zuwa Koloni. Likitocin can ba su ga alamar farfaɗiya a tare da ita ba.

Abin da ya faru a gidan Dobbs ke nan: an yi abin kunya, mai laifin ɗan dangi ne, aka rufa asirin gida da 'yar riƙo. Da a ce nan labarin ya tsaya, da ya zama ɗaya daga cikin dubban irinsa da ba wanda ke tunawa. Abin da ya kai shi Kotun Ƙoli shi ne ta faɗa hannun mutanen da suka daɗe suna neman yarinya irinta.

Tushen aƙidar

Wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, shi ya ƙirƙiro kalmar yujeniks a 1883, daga harshen Girka, ma'anarta kusan kyakkyawan asali. Tunaninsa daga gona da garke ya fito. Manomi na ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye iri, makiyayi na zaɓar bijimin da zai bari a garke. Galton ya ce me zai hana a yi wa ɗan Adam haka, a kwaɗaitar da "nagari" su hayayyafa, a rage haihuwar "marasa kyau". A Ingila maganar ta tsaya galibi a laccoci da ƙungiyoyi. A Amurka ne ta zama doka.

Da aka sake gano binciken Gregor Mendel a 1900, wanda ya nuna yadda launin fure da siffar ƙwayar wake ke bin gado, masu wannan ra'ayi suka ɗauka sun sami makulli. A ganinsu talauci, sata, shaye-shaye, karuwanci da lalaci duk haka suke sauka daga iyaye zuwa 'ya'ya. A 1910 wani masanin halittu, Charles Davenport, ya buɗe ofishin tattara bayanan zuriya a Cold Spring Harbor, jihar New York, da kuɗin Mary Harriman, matar wani hamshaƙin mai kamfanonin jirgin ƙasa da ya rasu. Daga baya Cibiyar Carnegie ta ɗauki nauyinsa. Ma'aikatan ofishin, yawancinsu 'yan mata da suka gama jami'a, suna shiga ƙauyuka da gidajen marayu da kurkuku suna zana bishiyar dangi, suna sa wa wannan alamar "mashayi", wancan "mai raunin hankali", sau da yawa bisa abin da maƙwabta suka faɗa. Davenport ya kai ga rubuta cewa son tafiyar teku ma gadonsa ake yi.

Kada a ɗauka wasu 'yan tsiraru ne a gefe. Ana koyar da abin a manyan jami'o'i. A bikin baje kolin amfanin gona na jihar Kansas, tun daga 1920, kusa da inda ake gasar shanu da aladu, ana gasar iyalin da ya fi kyawun iri, a ba da lambar yabo. Shugaban ofishin Davenport, Harry Laughlin, shi ne gwanin da kwamitin majalisar wakilai ya dogara da shi wajen dokar shige da fice ta 1924, wadda ta taƙaita shigowar mutanen kudanci da gabashin Turai, ta kuma rufe ƙofa ga mutanen Asiya.

Ma'aunin da suka riƙe shi ne gwajin basira. Alfred Binet ya tsara shi a Faransa a 1905 don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a aji. Da ya haye Amurka sai aka mai da shi sikelin auna darajar mutum. Aka kasa masu raunin hankali mataki uku bisa "shekarun ƙwaƙwalwa": na ƙasa, na tsakiya, da na sama, wato babban da aka ce hankalinsa na yaro ɗan shekara 8 zuwa 12 ne. Na saman nan su suka fi tsorata masu aƙidar, domin a ido ba a bambanta su da kowa, suna aiki, suna aure, suna haihuwa. To, matakin da ido ba ya gani, sai likita ya faɗa, kowa ana iya jefa shi ciki. Wadda ta yi cikin shege, wanda bai yi makaranta ba, baƙon da bai ji Turanci ba, duk sun shiga.

Jihar Indiana ce ta fara yin dokar hana haihuwa ta dole a 1907, wasu suka biyo baya. Sai dai kotuna a New Jersey, Michigan, New York da Indiana kanta sun yi ta rushe dokokin, saboda ba sa ba mutum damar kare kansa, ko kuma sun ware na cikin gidajen gwamnati sun bar na waje. Laughlin ya zauna ya nazarci inda kowace doka ta faɗi, a 1922 ya fitar da samfurin doka da ya toshe waɗannan kafofi.

Yadda aka shirya ƙarar

Dokta Priddy ya riga ya yi wa mata da dama aikin tun babu doka, yana fakewa da cewa ciwon mara yake magani. Wani talaka a Richmond, George Mallory, ya maka shi kotu bayan an kwashe matarsa da 'ya'yansa yana wurin aiki, aka yi wa matar da babbar 'yarsa tiyata. Priddy ya tsira a 1918, amma ya ji jiki, ya gane cewa sai da doka a bayansa. Tsohon amininsa Strode, lauya wanda ya taɓa zama ɗan majalisar jiha, shi ya rubuta dokar, yana duban samfurin Laughlin. Aka sa mata hannu ranar 20 ga Maris, 1924, kwana 8 kafin haihuwar Vivian. A wannan rana ce kuma aka sa hannu a dokar da ta tsananta haramcin aure tsakanin farar fata da wanda ba farar fata ba, wadda ta zauna har 1967. Uwa ɗaya ta haifi dokokin biyu.

Strode ya shawarci hukumar Koloni kada a taɓa kowa sai an gwada dokar har Kotun Ƙoli. Ana buƙatar wanda za a yi gwajin a kansa. Priddy ya duba cikin mutanen da ke hannunsa ya ga Carrie: uwa a Koloni, 'ya a Koloni, ga jika an haifa ba aure. An yi musu gwajin basira, aka ce ƙwaƙwalwar Carrie ta 'yar shekara 9 ce, ta Emma ba ta kai 8 ba. In aka samu wanda zai ce jaririyar ma haka take, an haɗa hawa uku.

Doka ta ce dole a naɗa wa yarinyar waliyyi, ƙarar kuma tana buƙatar lauyan da zai tsaya mata. Aka ɗauko Irving Whitehead. Abokin Strode ne tun suna yara, yana cikin waɗanda suka kafa hukumar Koloni, ya zauna a cikinta shekaru, ya amince da ayyukan Priddy na baya, har akwai gini a gidan mai sunansa. Koloni ce kuma ta biya shi. An ba kura ajiyar nama, kuma kowa a ɗakin ya sani ban da mai naman.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1924, aka zauna a kotun yankin Amherst. Strode ya jero shaidu: malaman makaranta, ma'aikatan jin daɗin jama'a, likitoci. Da yawansu ba su san Carrie ba, wasu 'yan'uwanta na nesa suka zo yi wa shaida, wane "ba shi da kai", wance "ba ta cika ba". Laughlin bai zo ba, bai kuma taɓa ganin Carrie ko Emma ko Vivian ba. Rubutacciyar shaida ya aiko, a ciki ya kwafi kalaman da Priddy ya rubuta masa, cewa mutanen nan suna cikin ajin malalata, jahilai, marasa amfani na fararen fatar kudancin Amurka. An rubuta cewa Carrie shegiya ce, alhali Emma da mahaifinta suna da aure, takardar auren tana nan a ajiye a ofishin gwamnati, babu wanda ya je ya duba.

Shaidar da aka yi a kan jaririyar ita ta fi ci mini rai. Wata ma'aikaciyar Red Cross, Caroline Wilhelm, ta je gidan Dobbs ta ga Vivian tana da wata 7, ta kwatanta ta da jikar Alice Dobbs wadda ta girme ta da 'yan kwanaki. Da aka tambaye ta a kotu sai ta ce akwai wani abu a kamannin yarinyar da bai yi daidai ba, amma mene ne shi, ba za ta iya faɗa ba. Wani ma'aikacin ofishin Davenport, Arthur Estabrook, ya ce shi ma ya gwada ta ya ga ba ta kai sa'o'inta ba. Shi ke nan. Duk wadda ta taɓa goyo ta san yadda jarirai 'yan wata bakwai suke, wannan ya fara rarrafe, wancan zama ma bai iya ba, su girma ba a san wanda ya riga wani ba. A kan wannan kallo aka rubuta hawa na uku.

Whitehead bai kira shaida ko ɗaya ba. Bai nemo rajistar makarantar Carrie ba, ga ta kuwa a Charlottesville. Bai ta da maganar yadda aka yi cikin ba, aka bar kotu da cewa yarinyar ce ba ta da kamun kai. Bai kawo masanin kimiyya ko guda ba, alhali a lokacin akwai masana gado da suka riga suka nuna cewa "raunin hankali" ba abu ɗaya ba ne da ke bin jini kamar launin wake. Tambayoyin da ya yi wa shaidun Strode sau da yawa ƙarfafa maganarsu suka yi. Priddy ya shaida cewa in an yi mata aikin za a iya sallamarta ta je aikatau, gwamnati ta huta da ciyar da ita. A yini ɗaya aka gama. Daga baya, lokacin da ƙarar ke hanyar Kotun Ƙoli, Whitehead da Strode tare suka je gaban hukumar Koloni suka ba da rahoton cewa al'amura na tafiya yadda ake so. Yana cikin littafin zaman hukumar, wanda masanin tarihin shari'a Paul Lombardo ya tono bayan shekaru da dama.

Priddy ya rasu a farkon 1925, mataimakinsa Dokta John Bell ya gaje shi, shi ya sa aka san ƙarar da Buck da Bell. Kotun ɗaukaka ƙara ta Virginia ta tabbatar da hukuncin a ƙarshen shekarar.

Hukuncin Kotun Ƙoli

Ranar 2 ga Mayu, 1927, alƙalai 8 cikin 9 suka goyi bayan dokar. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Oliver Wendell Holmes, ɗan shekara 86, alƙalin da ya fi kowa ƙima a ƙasar a zamaninsa. Tsohon soja ne, sau uku ana raunata shi a yaƙin basasar Amurka, kuma da yaƙin ya buɗe hujjarsa. Ya ce an sha ganin ƙasa ta nemi mafi kyawun 'ya'yanta su ba da rayukansu, to abin mamaki ne a ce ba za ta iya neman ƙaramar sadaukarwa daga waɗanda ke tsotse ƙarfinta ba, sadaukarwar da, in ji shi, sau da yawa su kansu ba sa jin ta a matsayin rashi. Ya ce ya fi wa duniya alheri a hana marasa dacewa yaɗa irinsu, da a jira a rataye 'ya'yansu saboda laifi ko a bar su yunwa ta kashe su saboda wauta. Ya kawo hukuncin 1905 da ya halatta wa jihar Massachusetts tilasta allurar rigakafin agana, ya ce ƙa'idar da ta ɗauki rigakafin dole tana da faɗin da za ta ɗauki yanke hanyoyin mahaifa. Sannan ya rufe da jimlar da har yau ake tuna shi da ita: hawa uku na dolaye sun isa haka.

Ko a ma'aunin masu aƙidar bai faɗi daidai ba. Kalmar da ya yi amfani da ita ta mataki na tsakiya ce, alhali takardun Koloni a mataki na sama suka sa Carrie da Emma. Hukuncin gaba ɗayansa sakin layi biyar ne. Alƙali ɗaya da ya ƙi, Pierce Butler, ɗan ɗarikar Katolika, bai rubuta dalilinsa ba. Bayan 'yan kwanaki Holmes ya rubuta wa abokinsa Harold Laski cewa da wannan hukunci ya ji ya kusanci ainihin tushen gyara.

Ina ganin nan ne wurin da ya kamata a tsaya a duba sosai. Holmes ya ce an bi duk matakan da doka ta tanada: an ba da sanarwa, an naɗa waliyyi, an yi zama, an ɗaukaka ƙara. Gaskiya ne, an bi. Kowace takarda tana da sa hannu da kwanan wata. Abin da babu shi ne mutum ɗaya a cikin dukkan matakan da zai ce, tsaya, yarinyar nan wa ya yi mata ciki, kuma me malamanta suka ce a kanta. Kotun Ƙoli ba ta sauraron sababbin shaidu, abin da aka rubuta a kotun farko shi take dubawa. Whitehead ya san haka lokacin da ya yi shiru a Amherst.

Ranar 19 ga Oktoba, 1927, Dokta Bell ya yi wa Carrie aikin a asibitin Koloni. Tana da shekara 21.

Abin da hukuncin ya buɗe

Jihohi suka yi ta yin sababbin dokoki ko gyara tsofaffi, har suka haura 30. Kafin a daina, an yi wa Amurkawa fiye da 60,000 aikin. Kalifoniya kaɗai kusan 20,000, Virginia kusan 8,000, Carolina ta Arewa kusan 7,600. A Virginia, a shekarun 1930, 'yan sanda kan hau ƙauyukan duwatsu su kwaso iyalai talakawa a mota a kai su asibiti.

A Jamus, gwamnatin Hitila ta yi tata dokar ranar 14 ga Yuli, 1933, wadda ta yi kama ƙwarai da samfurin Laughlin, kuma a ƙarƙashinta aka yi wa mutane kusan 400,000 aikin. Dokta Joseph DeJarnette, ɗaya daga cikin likitocin da suka yi shaida a kan Carrie, ya koka a 1934 cewa Jamusawa suna kayar da su a wasan da nasu ne. A 1936 Jami'ar Heidelberg ta ba Laughlin digirin girmamawa. Shi Laughlin ɗin yana fama da farfaɗiya, ɗaya daga cikin cututtukan da samfurin dokarsa ya lissafa. Daga hana haihuwa Jamus ta wuce zuwa kashe naƙasassu a asibitoci tun daga 1939, daga nan zuwa sansanonin kisan kiyashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shari'o'in da aka yi wa mutanen Hitila a Nuremberg, lauyoyin wasu waɗanda ake tuhuma sun kawo hukuncin Holmes cikin hujjojinsu.

Faɗuwar Hitila ta sa kalmar yujeniks ta zama abin kunya, amma wuƙar ba ta tsaya ba. Suwidin ta yi wa mutane kusan 63,000 tsakanin 1934 da tsakiyar shekarun 1970. Japan ta yi dokarta a 1948, ba ta soke ta ba sai 1996, sai a 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki. A Amurka abin ya karkata kan mata baƙar fata, da 'yan asalin ƙasar, da masu jin Sifaniyanci. A 1973, a Montgomery ta jihar Alabama, aka yi wa wasu 'yan mata biyu baƙar fata 'yan gida ɗaya, Minnie Lee Relf mai shekara 14 da Mary Alice mai 12, bayan an sa mahaifiyarsu, wadda ba ta iya karatu ba, ta yi alamar X a kan takarda tana zaton allurar tazarar haihuwa ce. Ko tsakanin 2006 da 2010 an gano an ɗaure wa mata kusan 150 mahaifa a gidajen yarin Kalifoniya ba tare da bin ƙa'ida ba.

Ba ina cewa gado ƙarya ba ne. Mu da muke Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar sikila, mun ga amfanin gwajin jini kafin aure, mun kuma ga wahalar gidan da bai yi ba. Amma sikila abu ne da ake gani a jini, a auna shi yau a auna gobe a sami amsa ɗaya, sannan a miƙa sakamakon ga masu shi. Abin da aka auna a jikin Carrie Buck talauci ne da rashin gata, aka sa masa sunan cuta, aka miƙa hukuncin ga waɗanda ke son a kawar da ita.

Virginia ta soke dokarta a 1974. Ranar 2 ga Mayu, 2002, shekara 75 cif da hukuncin, Gwamna Mark Warner ya nemi gafara a madadin jihar, a 2015 kuma majalisa ta amince a biya duk wanda ya rage da rai dala 25,000. Kaɗan ne suka rage. Hukuncin Buck da Bell kuwa, Kotun Ƙoli ba ta taɓa fitowa ta soke shi ba. A 1942 ta rushe dokar jihar Oklahoma ta hana wasu fursunoni haihuwa, amma ta bar na Holmes a inda yake, har wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ambace shi a 2001.

Hawa ukun

Emma ba ta fita daga Koloni ba, a can ta rasu a 1944.

Carrie tana da ƙanwa, Doris, wadda ita ma aka kai Koloni. Ba da daɗewa ba bayan aikin yayarta aka shigar da ita ɗakin tiyata, aka ce mata afendis za a cire. Ta fita, ta yi aure, ita da mijinta suka yi shekaru suna neman haihuwa, suna zuwa asibiti, tana ganin laifin jikinta ne. Sai bayan shekara fiye da 50 wani sabon shugaban gidan, Dokta Ray Nelson, da ke bin tsofaffin fayiloli, ya neme ta ya nuna mata abin da aka rubuta. Ta faɗa wa 'yan jarida cewa kuka ta fashe da shi.

Vivian ta tashi a gidan Dobbs, da sunansu ta shiga makarantar firamare ta Venable a Charlottesville. Katin sakamakonta yana nan. Ta sami makin A a ladabi, a sauran darussa tana tsaka-tsaki kamar yawancin yara, lissafi na ɗan ba ta wuya, a watan Afrilun 1931 kuma sunanta ya fito cikin jerin ɗaliban da aka yaba wa. Ta rasu a 1932 tana da shekara 8, ciwon hanji ya kama ta bayan ƙyanda.

Ita Carrie, bayan aikin iyalin Dobbs sun ƙi karɓarta. Aka tura ta aikatau wani gida a yankin Bland, cikin duwatsu. Daga can take rubuto wasiƙu Koloni da hannunta tana tambayar lafiyar mahaifiyarta. Ta auri William Eagle a 1932, suka zauna har ya rasu, daga baya ta auri Charles Detamore. Ta yi aikin gona, ta yi jinyar tsofaffi, ta yi talauci sosai. Waɗanda suka zauna da ita a ƙarshen rayuwarta sun ce kullum sai ta karanta jarida, tana kuma son wasan cike gurbin kalmomi. Lombardo ya same ta a gidan kula da tsofaffi a Waynesboro makonni kaɗan kafin rasuwarta, ta ba shi labarin abin da ya faru a gidan Dobbs a bazarar 1923. Ta rasu ranar 28 ga Janairu, 1983, tana da shekara 76. Aka mai da ita Charlottesville, garin da kabarin Vivian yake, aka binne ta a maƙabartar Oakwood.